Gidan jinyar tsofaffin da muka kai Hajiya: a intanet tauraro 4 ne, ni 2 da rabi na ba su

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun watan jiya nake ta cewa zan rubuta wannan abun ban samu zama ba, sai yau da muka dawo daga wajen likitan ƙafa nace bari dai in daure in rubuta ko wani zai amfana, musamman mu da muke nan Amurka da tsofaffi a hannu. Sunan gidan kam ba zan faɗa ba, don akwai bayin Allah a ciki da suka yi mana halacci bana so abun ya shafe su. A Buronks yake cikin Niyok, babban gida ne mai hawa-hawa, ɓangare ɗaya na masu zaman dindindin ɗayan kuma na waɗanda aka sallamo daga asibiti su zo su ɗan yi ƙwari kafin su koma gida. Mu a na biyun muka zauna, kwana 41 cif.

Hajiya mahaifiyar maigidana ce, shekararta 78, tana da suga amma da ƙafarta take yawo, har tuwo takan tuƙa mana in ta ga dama. Nimoniya ce ta kwantar da ita kwana 6 a asibiti, da ta tashi ƙafafun sun yi sanyi ba ta iya hawa bene, mu kuma a hawa na uku muke ba lifta, ni ina aiki shi yana aiki yara suna makaranta. Asibitin suka ce a kai ta gidan jinya a yi mata gashi da motsa jiki na ɗan lokaci. Kar ku so ku ji gorin da muka sha daga gida, wai mun kai uwarmu gidan gajiyayyu kamar Turawa, wata gwaggonsa har kuka ta yi a waya. To wanda bai zauna a nan ba ba zai gane ba, na bar wannan maganar.

Yadda muka zaɓi gidan shi ne ta shafin Medicare ɗin nan, wato inshorar lafiyar da gwamnati ke yi wa tsofaffi, shafin da ake kira Care Compare, inda gwamnati ke ba kowane gida tauraro daga 1 zuwa 5, tun 2008 suke wannan tsarin. Na ga tauraro 4 nace alhamdulillahi, ban tsaya na buɗe ciki ba. Ashe taurarin kashi uku ne ake haɗawa, akwai na binciken da jami'an jiha ke zuwa su yi, akwai na yawan ma'aikata, akwai kuma na ingancin kula wanda galibinsa daga bayanan da gidan da kansa yake cikewa ya tura ne. Daga baya da na koma na duba sai naga a ingancin kula suna da 5 amma a ma'aikata 2 gare su. Da wannan 2 ɗin na fara gani wallahi da na sake tunani.

Bari in fara ba su haƙƙinsu. Gidan da tsabta, ba wannan zarnin da ke tarar mutum tun daga ƙofa a wasu gidajen da muka leƙa. Masu gashin ƙashi kuma sun iya aikinsu ba ƙarya, akwai wata 'yar Filifin da ke zuwa ta ɗauki Hajiya kullum da safe, ba Turanci ba Hausa amma da hannu da dariya suke fahimtar juna, cikin sati biyu Hajiya ta fara zagaya baranda da abin dogarawar nan mai ƙafa huɗu. Maganin suga ba a taɓa tsallake mata ba. Sun nuna mana alƙibla, sun bar mu mu shimfiɗa darduma. Kuɗi ma ba su yi mana rufa-rufa ba, tun ranar farko matar ofis ta zaunar da mu tace Medicare zai biya kwana 20 na farko gaba ɗaya, daga kwana na 21 akwai kason da ke kan mara lafiya wanda ya haura dala 200 a rana sai in akwai wata inshorar da za ta ɗauka. Duk wannan na yaba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wata 'yar takarda da aka cike ranar da muka shiga.

Nas ta zo ta duba Hajiya ta yi 'yan tambayoyi ta rubuta 20, tace mana madalla, mamanku ba ta cikin masu haɗarin samun gyambon kwanciya. Ni a lokacin daɗi ma na ji. Abun sunansa ma'aunin Braden, wasu nas biyu ne 'yan Amurka, Barbara Braden da Nancy Bergstrom, suka fito da shi a 1987 kuma kusan duk asibiti da gidan jinya a ƙasar nan da shi suke aiki. Abu shida ake dubawa, ko mutum na jin zafi in wani waje ya danne, ko fatarsa na yawan jiƙewa da fitsari ko gumi, ko yana tashi ya taka, ko yana iya juyawa da kansa, yadda yake cin abinci, sai kuma gogar fata da zamewa a kan gado. Maki mafi yawa 23 mafi ƙaranci 6, daga 18 zuwa ƙasa shi ne ake cewa akwai haɗari. Ita gwamnati ma a takardunta na gidajen jinya a da haka ta daɗe tana raba mutane gida biyu, masu babban haɗari su ne wanda ba ya iya juyawa a gado ko tashi daga gado zuwa kujera sai an taimaka masa, ko wanda ya yi dogon suma, ko wanda rashin abinci ya kama, sauran duk masu ƙaramin haɗari ne. Hajiya tana juyawa, tana tashi, don haka ta faɗa cikin sauran.

Ma'aunin ba laifinsa ba ne fa. Matsalar ita ce da zarar an rubuta wannan lambar a fayil ɗin mutum to shikenan ido ya ɗauke daga kansa. Ba katifar iska, ba matashin kujera na musamman, ba mai shigowa duk awa biyu ya ce a gyara kwanciya, duk wannan na masu maki 12 da 13 ne. Kuma ban ga laifin masu aikin sosai ba, wata rana da yamma na ƙirga da idona mataimakiya ɗaya ce ke riƙe da mutum 13, wasu ba sa iya ko ɗaga cokali, to wa za ta fara dubawa, ai ba tsohuwar da ke zaune tsaf a kujera da carbinta tana murmushi ba.

Wannan zaman kujerar kuwa shi ne ya ja mana. Hajiya mace ce da ba ta kwanciya da rana, a wajenta kwanciyar rana ta majinyaci ce ita kuma tace ta warke. Daga an dawo da ita daga gashi ƙarfe goma za ta zauna a kujerar nan mai taurin tsiya ta miƙe ƙafa kan ɗan tebur ɗin ɗora ƙafa, dunduniya a kan katako, ta ja carbi har azahar, ta yi sallah a zaune, ta ci gaba har la'asar har magariba. Awa takwas tara a waje ɗaya. Mai zama a kujera ance ya kamata ya riƙa ɗan ɗaga jiki yana sauya nauyi kamar duk minti 15, ba wanda ya faɗa mata, ko an faɗa ma da wane yare. Ga abinci kuma, mun ce halal suka ce to, abin da suka gane da halal shi ne kifi dafaffe ba gishiri ba yaji da dankalin turawa da aka dame kamar kunun yara. Sai ta ci burodi da shayi da ayaba ta rufe sauran ta ce alhamdulillah. Mai kwashe tire ta zo ta kwashe. Cikin sati uku nauyin jikinta ya ragu da fam 7. Wadda aka auna ranar farko da wadda ke zaune a kujerar nan ranar kwana na 20 ba mutum ɗaya ba ce, amma a fayil har lokacin 20 ɗin ce.

Ranar wata Asabar na je da rana ina taimaka mata da alwala a roba, na cire mata safa na kama ƙafar hagu zan wanke sai na ji dunduniyar da ɗumi, ba irin ɗumin jiki ba, kuma da na danna sai na ji ta luguf kamar tumatirin da ya kwana biyu. Na kunna tocilar waya na haska. Wajen ya yi duhu fiye da sauran fatar, wani irin baƙi mai ratsin shuɗi-shuɗi, faɗinsa kamar murfin kwalbar lemo, fatar ba ta fashe ba amma tana sheƙi. Nace Hajiya nan baya miki ciwo? Tace a'a Amarya, ni ban ji komai ba. Shekara 14 da aurena har yau Amarya take ce min. Kuma gaskiyarta ne ba ta ji ba, suga ya riga ya rage mata ji a tafin ƙafa, abin da ya kamata ace an saka a lissafi tun ranar farko.

Na kira nas ɗin da ke kan aiki, ta zo ta leƙa a tsaye ƙarƙashin wannan fitilar ɗakin mai dishi-dishi tace ba ta ga ja ba, wai kaushi ne irin na tsofaffi a shafa mai. Nan fa raina ya ɓaci, nace baiwar Allah wane ja kike nema a ƙafar Hajiya? Matar da ta fi ni duhu? Abin da aka koya musu kenan, matakin farko na gyambon kwanciya shi ne jan da in ka danna da yatsa ba ya yin fari ya dawo. A jikin Bature wannan a fili yake ko yaro zai gani. Matar da suke ɗaki ɗaya da Hajiya wata tsohuwa ce farar fata 'yar asalin Italiya, ranar da gwiwar hannunta ta yi ɗan ja kafin yamma an manna mata abu an kawo matashi, ina zaune aka yi. Mu kuwa fatarmu ba ta yin ja, sai dai wajen ya ƙara duhu ko ya yi shuɗi ko ruwan makuba, ya yi zafi ko sanyi fiye da kewayensa, ya yi tauri ko ya yi laushi, wannan da hannu ake ganewa da haske mai kyau, ba da leƙe daga bakin gado ba. Kuma abun mamaki ita nas ɗin baƙar fata ce 'yar uwarmu, yawancin masu aikin ma 'yan Jamaika ne da Haiti da Gana, don haka ni ban ɗauke shi a ƙiyayya ba, hotunan da aka koya musu aiki da su ne duk na fararen fata, ga kuma gaggawa.

Ban bar wajen ba sai da aka kira babbar nas. Ita da ta sa safar hannu ta taɓa sai naga fuskarta ta canza, tace wannan rauni ne na can cikin tsoka, irin wanda ke farawa daga kusa da ƙashi kafin ya fito sama, a daina ɗora ƙafar a kan komai yanzu-yanzu. Sai tace bari a duba sauran jiki. Hajiya tace atafau. Kunsan tsakanin suruka da suruka, ba za ta buɗe jiki a gabana ba, na fita na tsaya a baranda. Allah ya taimaka akwai wata mataimakiya 'yar zangon Kumasi da ke aikin dare a hawa na ƙasa, tana jin Hausa rangaɗaɗau, ita aka roƙa ta hau. Ta shiga tana Hajiya sannu, Hajiya ki yi haƙuri ni 'yarki ce, a haka ta lallaɓa ta. Da ta fito tace min anti akwai wani a mazaunai, daidai ƙarshen ƙashin baya, ya riga ya fashe.

Wannan kam Hajiya ta ji shi, ya fi sati yana mata zogi. Me ya hana ta faɗa? Mai zuwa duba fata da safe a wancan satin namiji ne. Yana shigowa za ta ja zani ta ce masa no no fayin, iya Turancinta kenan, shi kuma ya rubuta a fayil cewa ta ƙi a duba ta ya wuce ɗaki na gaba. Sau uku aka rubuta ta ƙi. Ba wanda ya ɗaga waya ya kira ni ko ɗanta, ba wanda ya ce bari a turo mace, ba wanda ya nemo tafinta alhali suna da layin waya na tafinta kuma akwai Hausa a ciki, daga baya da shi muka yi zama da su. Wannan shi ne abin da har yau na kasa yafe wa gidan. Dunduniyar sai in ce kuskuren ido ne, amma tsohuwa Musulma ta ƙi buɗe mazaunanta gaban namiji sau uku a ce ba wanda ya tambayi dalili?

Da na dawo gida daren nan ban yi barci ba na hau karance-karance, nan naga ashe ba mu kaɗai ba ne. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar nan, CDC, ta yi a gidajen jinyar Amurka a 2004 ya nuna kusan kashi 11 cikin 100 na mazauna suna da gyambon kwanciya, kuma mataki na 2 ya fi yawa, wato irin wanda ya fashe sama-sama kamar na bayan Hajiya. Akwai kuma wani da ya fito a mujallar likitoci ta JAMA a 2011, su masu babban haɗari suka duba, a 2003 baƙaƙe kashi 16.8 ne ke da shi farare 11.4, zuwa 2008 duka sun ragu, baƙaƙe 14.6 farare 9.6, amma tazarar tana nan daram. Abin da ya fi tsaya min a rai a ciki shi ne sun ce babban ɓangaren tazarar daga gidan da mutum ya faɗa ne, gidajen da baƙaƙe suka fi yawa su ne abun ya fi ƙamari, har farar fatar da ke zaune a irin waɗannan gidajen ma ya fi samun gyambon. To in masu babban haɗari da aka sa wa ido haka abun yake, ina ga wanda aka riga aka rubuta masa ba komai.

Bayan abun ya fito fili kam sun tashi tsaye, wannan ma in ban faɗa ba na yi zalunci. Washegari aka kawo katifar iska mai injin da ke hura wani layi ya sace wani, aka kawo matashin kujera, aka sa mata wani takalmin soso mai rataye dunduniya a iska. Nas mai kula da miki tana zuwa duk sati ta auna da ɗan ma'auninta na takarda ta rubuta santimita nawa ta canza abin da aka manna. Mai tsara abinci ta zauna da ni, aka yarda in riƙa kawo miyar kuka da naman kaji da ƙwai da wake daga gida, suka ƙara mata da abin sha mai gina jiki na masu suga. Aka rubuta a ƙofa mace kawai. Aka sake auna ta da ma'aunin nan sai ga 16. Duk wannan fa ba abin da ya fi ƙarfinsu, a sito kayan suke tun ranar da muka zo.

Wani abu da nas ɗin mikin ta ja min kunne a kai, don naga mu Hausawa hannunmu na saurin zuwa can, kar a murza wajen kar a gasa da ruwan zafi kar a shafa man zafi, tsokar da ke ƙasa ta riga ta ji rauni murzawa ƙara lalata ta yake. Zoben robar nan mai rami a tsakiya da ake saya a kemis don zama shi ma tace a'a, yana matse jini ne a kewaye. Gwaggon da ta yi kuka ta bugo tace a sa zuma, na tambayi nas tace akwai bandejin da ake yi da zuma na asibiti amma ba ta kicin ba kuma ita za ta ce ga lokacin da ya dace. Kan gado kar ya wuce digiri 30 a ɗage in ba lokacin cin abinci ba, don in ya miƙe da yawa mutum zamewa yake fatar baya ta ja.

Mun yi zama da shugabar nas-nas da ma'aikaciyar walwala, iyali na da haƙƙin a zauna da su kan tsarin kula da mutuminsu, ni ban ma san da haka ba sai da na ga lambar jami'ar karɓar koken mazauna manne kusa da lifta na kira ta, ita ba ma'aikaciyar gidan ba ce kuma kyauta ne. A zaman sun ba da haƙuri, amma shugabar sai nanata min take cewa ai makin Hajiya 20 ne lokacin da ta shigo, kamar dai takardar ce ta yi laifi ba mutane ba. Nace mata yaushe aka sake aunawa bayan ranar farko? Ta juya fayil ta juya, shiru.

To wa zan ce ya kai nasa? In tsohonku gashi kawai yake buƙata, yana jin Turanci, yana da bakin da zai yi ƙorafi, kuma kuna kusa za ku riƙa leƙawa kullum, gidan ba laifi, ɓangaren motsa jikinsu ni 5 zan ba shi. Amma irin Hajiya, mai duhun fata mai kunya mai cewa alhamdulillah ko me aka yi mata, sai in kun shirya ku ne za ku zama idonta, ku cire safa da kanku ku taɓa dunduniya da idon sawu da bayan kunne in ana sa mata robar iska, ku samu mace 'yar uwa da ba ta jin nauyinta ta duba baya, kuma ku ce a rubuta mace kawai tun ranar farko kar ku jira. Shi yasa a dunƙule na tsaya a 2 da rabi, rabin nan ma na 'yar Kumasi ne.

Na bayan ya rufe kafin a sallame mu. Dunduniyar ce ta ba mu wuya, bayan kwana biyar fatar ta buɗe kamar yadda babbar nas ta ce za ta iya yi, sai da muka yi sati 11 ana wanki ana canza bandeji, ga suga yana ja mana baya. Yau likitan ƙafa ya ce ta haɗe amma sabuwar fatar ba ta kai ta da ƙwari ba, a ci gaba da sa takalmin soson da dare har mu koma wata mai zuwa. Hajiya dai ta tsane shi, tana ce masa takalmin 'yan sama jannati, kullum sai na leƙa ɗakinta wajen sha biyun dare don na san tana cirewa ta tura ƙarƙashin gado.